Notin da Baffa Ya Ƙara Ɗaurewa

Ranar wata Asabar ce, makon da aka fara karyar masara, shekarar da nake aji shida na firamare. Mun taso daga Miri da lodin buhuna, ina zaune a saman kaya, sai na ji ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Na leƙa, na ga hayaƙi yana fita daga ƙafar gaba ta ɓangaren direba. Na yi ta dukan rufin mota har Baffa, mahaifina, ya taka birki. Ya sauko ya tofa yawu a tsakiyar tayar, yawun ya yi cuu ya bushe. Ya tsuguna a bakin titi ya dafe kai.

Baffa makiyayi ne tun tasowarsa. Rana ɗaya ya sayar da garken da ya gada, ya sayi wannan tsohuwar gingimari mai bodin katako, muka tare a Fadaman Mada. Kakata Dada ta sha gaya masa, "Saniya haihuwa take yi, ƙarfe sai dai ya ci." Abin da ya rage karsana ɗaya ce, 'yar saniyar da aka ba ni ranar suna, kamar yadda ake yi a danginmu. Tana wurin kawuna a Miri. Duk hutun mako ni nake kai mata dusa da kanwa, in cire mata kaska, in sosa mata wuya. Kowa ya san ita ce sakandarena: in na ci jarrabawa a sayar da ita, a yi mini akwati da katifa da kuɗin makaranta. 'Yan ajinmu har tsokanata suke yi, wai bokona yana ɗaure a turke yana cin harawa.

Aka ɗauko Bitrus bakanike daga Wunti a kan mashin. Ya sa jak, ya kwance taya, ya zaro hob, wato kaskon ƙarfen da taya ke zama a kansa. Boris ɗin ciki, zoben ƙarfen da ke sa taya juyawa sumul, ya farfashe, 'ya'yansa suna zubowa baƙi ƙirin. Ya wanke sandar da hob ke juyawa a kanta da kananzir, ya shafa da ɗan yatsa, ya ce mun yi sa'a, boris ne kawai ya mutu. Da ɓarnar ta taɓa hob da sanda, da sai an sayar da wani abu. Babu wanda ya kalle ni, amma duk mun san wane abu ne. Ni na cusa wa sabon boris giris da tafin hannuna, ina yi ina karanta duk addu'ar da na iya. Bitrus ya mayar da komai, ya ɗaure babban noti yana juya taya, sannan ya dawo da shi baya kaɗan, ya sa fin da ke hana notin kwancewa. "Alhaji, wannan ba a matse shi," in ji shi. "A bar mishi wurin numfashi." Baffa ya girgiza tayar, ya ji ɗan motsi, na ga fuskarsa ba ta yarda ba.

Washegari da hantsi na sami Baffa a ƙofar gida ya cire fin, ya zura bututun ƙarfe a kan sifana. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaure maruƙa, a wurinsa duk abin da ke motsi ɓacewa zai yi. Na durƙusa na ce, "Baffa, don Allah, Bitrus ya ce a bar shi haka." Ya ce, "Abin da ka sassauta wa igiya, ka ba kura." Na kama ƙafarsa ina kuka, na ruga na kira Dada, ta ce ita me ta sani a ƙarfe. Da ƙarfinsa ya ƙare, notin ya ƙi ƙara tafiya, sai ya ce in hau bututun. Na ce ba zan hau ba. Ya kalle ni irin kallon nan. Na hau. Har yau ina jin ƙarar da notin ya yi a tafin ƙafata.

Da muka sake kama hanya, motar ba ta kai Miri ba. Wannan karon boris ya narke ya manne da sanda, hob ya tsage, tayar ta kwanta gefe kamar raƙumi zai durƙusa. Kasuwa na zagayowa aka ja karsanata, tana waiwayen kawuna. Na zauna jarrabawa, na kuma ci, cin da bai amfane ni da komai ba. Abokaina suka ɗauki akwati, ni na zama yaron mota. A lokacin tsohon boris dukiya ne a wurin yara, da shi muke haɗa keken katako mu gangara layi ana ihu. Nawa, wanda aka ciro da guduma, ko juyawa ba ya yi.

Yanzu ni ma kanikanci nake yi. Motocin zamani da yawa hob ɗinsu a haɗe yake zuwa da boris a rufe, ka ɗaura kawai, babu notin da wani uba zai yi gardama da shi. Baffa ya rasu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni kuma ban taɓa tambayarsa ba. Amma in na wuce Miri na ga yaro yana sosa wa karsana wuya, nakan rage gudu. Na yafe masa saniyar, hawan bututun ne na kasa mantawa.