Ranar da Na Kira wa Jikana Wanzami

An haifi yaron a shekarar da wayar hannu ta shigo gari, lokacin da 'yan mata ke kafa lema a bakin Titin Bauchi, mutum ya je ya buga waya ya tafi. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana. Yaron ya fara rarrafe a watan da ƙanƙara ta sauko ta huda mana kwanon ɗakin girki. Abin da zan faɗa kuwa ya faru ne bayan an cire dankalin ƙarshe na shekarar, sanyi ya fara shiga ƙashi. Ban yi boko ba, amma wannan lissafin nawa bai taɓa ɓace mini ba.

Autana ne uban yaron. Direba ne a lokacin, yana kai dankali da kabeji kudu, sai ya yi kwana goma ba mu sa shi a ido ba. Gidanmu na Rikkos daga ni sai matarsa da jaririn, sai wata mai haya a ɗakin bakin ƙofa, Kirista 'yar ƙasar nan mai sayar da kayan lambu, wadda muke kira Maman 'yan biyu.

A layinmu in ana zancen haƙorin yara, ƙofata ake bugawa. Tara na haifa, bakwai suka rayu, kuma babu wanda wani ya riga ni gano haƙorinsa. Yana ta fara rufe mini ido tun a wancan lokacin, amma kunnena garau yake, da shi nake aiki. Ina da ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe. Sai in wanke shi, in ɗora yaro a cinya, in danna haɓarsa da babban yatsa, in ɗan taɓa dasashin ƙasa da bakin cokalin. In na ji ƙwas, haƙori ya huda, ko da ido bai gan shi ba tukuna. In na ji shiru kamar an taɓa tuwo, da sauran lokaci. Ƙasa nake taɓawa, don daga ƙasa haƙori ke farawa. Biyu na ƙasa, sai biyu na sama, sai na gefe, sai turame, sai fiƙa wadda ta fi kowanne wahalar da yaro. Haka na gani a bakin 'ya'yana da na maƙwabta, ban taɓa ganin an saɓa ba.

Akwai doka guda da na taras a wurin kakata. Uwa ba ta faɗin haƙorin ɗanta. In ta riga kowa faɗa, haƙoran za su fito a karkace, ko su ruɓe tun yaro bai shiga makaranta ba. Sai dai wani ya gani ya faɗa, kuma wanda ya fara gani shi zai ba yaro kaza. Ni kajin da na bayar a layin nan ban san iyakarsu ba, don haka ma nake kiwonsu. Ranar da matar ɗana ta gama wankan jego na zaunar da ita na faɗa mata dokar nan, har sau biyu. Ta ce, "To, Inna." Yarinya ce mai kunya, ga shi ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi sosai a gabana.

Yaro ya yi wata takwas, ba haƙori. Ya yi goma. Ya shekara, ya kama bango ya miƙe, har ya fara tatata a tsakar gida, baki fayau kamar ranar da aka haife shi. Ga shi kuwa ƙato, kumatu kamar an hura, leɓen sama mai kauri ya rufe komai. Lafiyarsa lau, sai dalalar yawu da ke jiƙa masa riga sau uku a yini. Nakan ɗauke shi in ce, "Maigida, da me za ka ci naman da zan dafa maka? Ni ba na zama da mijin da ba ya tauna." Sai ya yi ta ɓangala dariya yana ja mini ɗankwali.

Matan layi suka samu abin yi. Wata ta kawo mini ɗanta mai wata shida, na taɓa na ji ƙwas, na ba ta kazarta. Tana fita ta juyo ta ce, "Inna, tsakanin ke da angon naki wa ya fi wani giɓi?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma ta shige ni. Mai duba na kowa, ga nata a gida ya gagare ta.

Babu abin da ban yi ba. Na ba shi karas mai sanyi ya yi ta gurza. Na shafa masa man shanu a dasashi safe da yamma. Na sa aka karɓo masa rubutu. Kullum da hantsi in ɗauko cokali, kullum shiru. Da ya cika wata goma sha huɗu na yanke shawara na ce a kira wanzami ya tsaga dasashin ƙasa, don a ganina naman ne ya yi tauri ya hana haƙorin hanya.

A nan ne matar ɗana ta fara yi mini magana da ido a ƙasa. Ta ce ta tambayi malamar asibiti ranar awo, malamar ta ce a jira, wasu yaran sukan makara kuma ba ciwo ba ne.

Na ce, "Malamar nawa ta haifa?"

Ta ce, "Inna, kin tuna yaron bayan layi?"

Na tuna. An tsaga masa, bakin ya kumbura, ya ƙi nono kwana da kwanaki, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Na ce wannan aikin wanzamin zamani ne, namu tsoho ne, shi ya yi wa 'ya'yana duka askin suna. Da ɗana ya dawo na faɗa masa. Ya dubi matarsa, ya dube ni, ya ce, "Abin da kika gani, Inna." Washegari ya hau mota. Na aika wa wanzami, ya ce Asabar da safe.

Makon nan ina tuna shi rana bayan rana. Ran Litinin tana ba shi nono a gindin mangwaro sai na ji ta ce "Wash!" ta fizge shi. Na ce, "Kin gani ko? Ƙaiƙayi ne ke damunsa. Shi ya sa na ce a tsaga." Ta ɗago ta dube ni, kallon da ban gane ba, ta mayar da shi.

Ran Laraba ita da kanta ta wanko cokalin ta kawo mini. Ta ce, "Inna, ko za ki ƙara dubawa?" Na danna haɓa, na taɓa, shiru. Ta ce, "Ki duba da kyau, Inna. Ko'ina." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke 'yar nan, yau ke za ki koya mini duba haƙori?" Ta ɗauki ɗanta ta shiga ɗaki.

Ran Alhamis na ga ta miƙa shi ga Maman 'yan biyu, tana yi masa cakulkuli a ciki, yana ƙyalƙyala dariya har kansa na komawa baya. Sai Maman 'yan biyu ta miƙo shi da sauri ta ce wake zai ƙone mata, ta shige ɗaki. Ran Juma'a yarinyar nan ko koko ba ta sha ba. Bayan la'asar ta durƙusa a bakin ƙofata ta ce a ƙara mako ɗaya. Na ce na riga na aika, ba zan mayar da dattijo yaro ba.

Asabar wanzami ya iso da zabirarsa bayan rana ta ɗan ɗaga, don sanyin garin nan ba ya barin tsoho ya fito da wuri. Na shimfiɗa masa tabarma inda rana ke dukan tsakar gida. Uwar yaron ta kawo ruwan zafi a kwano ta ajiye, ta koma ta tsaya a ƙofar ɗakin girki, ta cusa gefen mayafinta a baki. Na zaunar da yaron a cinyata, na matse ƙafafunsa, na riƙe hannuwansa biyu da hannu ɗaya. Wanzami ya wasa aska a fata, ya tsoma ta a ruwan, ya yi bismillah. Ya sa yatsa ya latsa dasashin ƙasa. Yaron ya fara tsala ihu. Sai ya ɗaga leɓen sama da babban yatsa don ya sami haske.

Ya tsaya. Na ji ya aje askar a kan zabira.

Ya ce, "Hajiya, matso da idonki nan."

Na ce, "Ka san idona ba ya kaiwa nan. Me ka gani?"

"Ni? Ni ban ga komai ba. Ke dai ɗauko cokalin nan naki."

"Na taɓa jiya da safe, babu."

"Ina kika taɓa?"

"Inda ake taɓawa mana."

Ya ce, "To, yau ki taɓa sama."

Na ce, "Baba wanzam, in ka ga abu ka faɗa."

Ya ce, "Haba Hajiya! In zo aiki tun daga unguwarmu cikin sanyin nan, ban yi aikin ba, sannan ki ɗora mini kaza?"

Cokalin yana ƙulle a bakin zanena. Na kwance shi, na kai sama. Ƙwas. Na matsa kaɗan. Ƙwas. Biyu ne, sun huda sun fito, ga su nan a ɓoye ƙarƙashin leɓe, ni kuwa kullum ina can ƙasa ina bugun wofi.

Na ce da ƙarfi, "Maigida ya yi haƙori!"

Ina rufe baki matar ɗana ta zame ta zauna a ƙasa a ƙofar ɗakin girki, ta fashe da kuka. Ta manta da kunyar ɗan fari, ta rarrafo ta karɓe shi daga cinyata ta rungume.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Tun Litinin. Ya cije ni."

"Kika yi shiru har yau?"

"Ke kika ce uwa ba ta faɗa, Inna."

 Can na ce, "To, da ya ɗora askar fa?"

Ta ce, "Da na faɗa. Na riga na cire mayafin daga bakina. Na ce gara su karkace."

Kukan ne ya fito da Maman 'yan biyu, hannunta duk ƙasar karas. Ta ga aska, ta ga zabira, ta dafe ƙirji. Ta ce da irin Hausarta, "Mama, wuƙa ne za a sa ma yaro? Ni ya gani tun Alhamis fa! Amma kaza na guda ɗaya ne, kuma yana kan ƙwai. Ni bai sani za a kawo wuƙa ba, da na yi magana!"

Wanzami ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe gidan nan kowa ya sani sai mai duba. Na ce ya tattara kayansa. Muka ɗan yi musu kan wanda ya fara gani, shi ya ce ido bai faɗa ba kunne ne ya faɗa, ni na ce ido ya riga kunne. A ƙarshe ni na kama kaza na bayar, don kuskuren nawa ne. Na ba shi goronsa na sallame shi.

A wurinmu uwar miji ba ta durƙusa wa matar ɗanta, ni ma ban yi ba. Amma da yamma na sa aka yanka zakara, na yi farfesu da hannuna, na ɗauka da kaina na kai mata har ɗaki. Ta miƙe za ta karɓa, na ce ta zauna. Na tsaya a kanta sai da ta cinye.

Wasu mata sun ce yaron da ya fara da haƙoran sama taurin kai zai yi. Ni ban ga ya fi na ubansa ba. Na ƙasan suka fito bayan mako uku, sauran suka biyo a guje kamar ana korarsu, a jere, farare. Daga ranar nake taɓa sama da ƙasa, kuma ban sake kiran wanzami kan dasashin yaro ba, nawa ko na wani. Dokar kakata ban yar da ita ba, amma na yi mata ƙari. Duk mai jegon da ta zo wurina nakan ce mata, bakinki kada ya faɗa, amma in kin ji cizo ki zo ki taka mini ƙafa, ni zan san sauran.

Wanzamin ya rasu a shekarar da aka zuba kwalta a layinmu. Matar da ta yi mini ba'ar giɓi ita ma ta riga mu. Maman 'yan biyu tana nan da ranta a Kuru wurin ɗaya daga cikin 'yan biyun, gwiwa ta hana ta kasuwa, amma takan aiko da gaisuwa. Autana ya bar tuƙi, yana sayar da kayan mota. Yaron ya zama magidanci a can wajen Bukuru. Uwarsa kuwa tana nan gidan tare da ni, furfura ta fara fito mata, ita ke kama hannuna zuwa bakin rana kowace safiya.