Zoben Rana da Tafiyar Modu

Ranar Juma'ar da aka ba mu hutun zango na biyu, ina aji biyar na firamare, na dawo gidanmu da ke Lokuwa ɗauke da sakamakon jarrabawar da ko akuya ba za ta yarda ta ci takardarsa ba, da kuma wani labari da ya fi ƙarfin cikina. Malamin kimiyya ya ce mana duniyoyi kewaya rana suke yi, kuma wata ran rana za ta tsufa ta kumbura. Iyakar abin da ya faɗa ke nan aka kaɗa ƙararrawa. Ni na ƙarasa masa sauran. Na share gindin darbejiyar tsakar gida, na sato gawayi a madafar Mama, na zana zobba biyar ɗaya cikin ɗaya, na ɗora dutse a kan kowanne a matsayin duniya, na dasa ruɓaɓɓen mangwaro a tsakiya na ce sunanta Bagaza, tauraruwar da ta ninka ranarmu sau dubu. Ƙanina Modu, mai shekara shida, ya tsuguna tare da yaran maƙwabta, bakinsa a buɗe har ƙuda na neman masauki.

Ba kyauta nake ba da labarin ba. Wanda yake son jin duniya ta gaba sai ya wanke mini kwanuka ko ya ɓare mini gyaɗar da aka ba ni aikinta, shi ya sa hutun nan hannuwana suka yi laushi kamar na amarya. Duniya ta farko ta kanwa ce zalla, mutanenta ba sa ciwon ciki. Ta biyu ruwa ce ko'ina, kowa a cikin ƙwarya aka haife shi, a ciki yake yin aure ya tsufa. A ta uku keke napep tashi sama yake, amma duk da haka direbobin sai sun cusa mutum shida. Ta huɗu na manta ta, don ranar Mama ta kama ni. Ta biyar kuwa na yi ta kamar garinmu sak, da duwatsu kewaye, da gonakin masara, da wani ƙaramin yaro mai tabo a goshi irin na Modu.

Daga nan na fara kashe su. Bagaza ta tsufa, ta yi ja kamar manja, tana kumbura tana haɗiye duniyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace yamma sai na taka dutse ɗaya da ƙafa na goge zobensa. Na ce musu tekun duniya ta biyu ya tafasa da mutanen a cikin ƙoransu, kekunan ta uku suka narke suna ɗiga daga sama. Na ce kafin ta ci kowace duniya, sai mutanen sun ga wani zobe ya kewaye Bagaza da tsakar rana. Modu ya tambaye ni ko yaro mai tabon ya tsira. Na ce ya dogara da saurin ƙafarsa.

A gidanmu akwai wata doka da aka kafa tun shekarar da mutanen gari suka watse da gudu, lokacin ina ƙarama, Modu ma ba a haife shi ba. Baba yakan maimaita mana ita kamar karatun allo: "Idan aka ce gudu, kada kowa ya tsaya neman kowa. A bi hanyar Vimtim, a haɗu a gidan Kawu Hammadu." Akwai kuma wata jaka a bayan ƙofar Mama da ba a taɓa kwance ta, da garin kwaki da bargo da takardunmu a ciki. Mu manya mun daina jin dokar saboda yawan jinta. Modu kuwa ya haddace ta tsaf.

Ranar Laraba da hantsi, ana zafin nan na gabanin damina, sai ga zobe fari ya kewaye rana, irin wanda yakan fito idan gajimare ya yi siriri. Na kalli sama, na dafe ƙirji na ce, "Shi ke nan, ta iso kanmu, kowa ya yi ta kansa." Na ɗauki jarka na tafi famfo ina dariya a ciki. Da na dawo na tarar da Mama tsaye da muciya a hannu tana kiran Modu. Muka duba banɗaki, muka duba ƙarƙashin gado, maƙwabta suka leƙa rijiya da tocila. Sai Mama ta tura ƙofarta ta ga babu jakar. Ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa, fuskarta ta koma wata iri da ban taɓa gani ba, ta tambayi matan da suka taru ko an ji wani abu a gari. Nan take wata ta ruga ta ɗauko 'ya'yanta, wata ta fara kulle ƙofa. Na ga ƙaryata tana shirin tayar da unguwa, sai na faɗi gaskiya.

Baba ya baro shagonsa a buɗe, muka shiga keken maƙwabcinmu Malam Buba muka bi hanyar Vimtim. Duk motar da ta wuce mu da gudu sai na rufe ido. Muna tambaya, mai sayar da rake ya ce ya ga yaro yana jan jaka, wata mai itace ta ce ta kira shi ya ƙi waiwayowa. Sai bayan azahar muka same shi can bayan gari, a bakin wani mayo, wato rafi, da ruwan saman farko ya cika, yana zaune a kan jakar, takalmi ɗaya ya tsinke, leɓɓansa sun bushe. Ya riga ya naɗe wandonsa zai shiga ruwan.

Da ya gan mu bai ruga wajen Baba ba. Ni ya riƙe, ya ce, "Ya Falmata, kin tsira? Na so in jira ki, amma Baba ya ce kada a tsaya."

Baba bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. A hanyar dawowa ya ce mini kawai, a gidan da aka taɓa gudu ba a wasa da kalmar. Mama ta yi kwana uku ba ta aike ni ko'ina ba.

Yanzu Modu yana ƙaramar sakandare, ya fi ni sanin taurari, yana kallonsu a wayar Baba yana gyara mini kurakurai. Idan na fara labari sai ya ɗaga gira ya ce in rage gishiri. Ina dariya, amma wani lokaci nakan yi kewar yaron da na ce masa sama za ta faɗo ya naɗe wando. Sau ɗaya aka taɓa yarda da ni gaba ɗaya, kuma saura kaɗan ruwa ya tafi da mai yardar.