Busasshen Mangwaron Inna

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Inna, mahaifiyata, a daminar nan da muke ciki. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, in yi kukana a ɗaki ba wanda ya sani. Bana ma haka na so in yi, ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne mijin da ta bari, Babanmu, yana kwance a gidana a nan Dutse, abinci ya gagare shi, kuma abu ɗaya tak da bakinsa yake karɓa yana shirin ƙarewa a hannuna.

Inna 'yar Aujara ce. A can aka haife ta, a can ta yi aure, a can muka binne ta. Ba ta yi boko ba, ba ta da yawan magana, amma duk unguwa an san gidan Malam, wato Babanmu, ba ya rabuwa da mangwaro, ko a watan da babu ƙwaya ɗaya a kasuwa. Idan bazara ta kama, mangwaro ya cika gari har awaki suna tsallake shi, sai ta shiga aikinta. Da hannunta take zaɓa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta aiken kowa. Ta fere, ta yanka siri-siri, ta jera a tabarmar kaba a kan rumfa, ta lulluɓe da wani tsohon mayafinta mai shara-shara saboda ƙuda. Kafin magariba ta kwashe, da hantsi ta mayar. Idan ya bushe yadda take so sai ta zuba a tulu, ta rufe da faifai, ta liƙe bakin da taɓo, ta ɗora a kan duwatsu a lungun ɗakinta.

Da damina take fasa taɓon. Ta ɗebo 'yan yanka ta jiƙa a ruwan ɗumi, ta murje, ta tace, da ruwan nan take dama wa Baba kunun gero a maimakon tsamiya. Tun kafin a haife ni da wannan kunun yake karyawa kafin ya saɓa fartanya. Iyakar abin da na gani ke nan, domin ni ce auta, kuma ni ce 'yar boko. Idan tana kan rumfa ni ina ɗaki da littafi, kuma ba ta taɓa kira na ba, a ganinta abin da nake yi ya fi nata muhimmanci.

Da na samu aikin koyarwa a Dutse, farkon abin da na yi shi ne na shiga kanti na sayo mata abarba ta gwangwani, na hau mota zuwa Aujara ina jin kaina. Na ce, "Inna, ki huta da hawa rumfa, zamani ya zo da sauƙi." Ta karɓi gwangwanin ta jujjuya shi, ta girgiza shi a kunne, ta danna kansa da babban yatsa. Ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Amma in za ki saya, ki riƙa danna shi haka. In kan ya taso kamar kumatun mai fushi, ko ya lotsa ta gefe, ko kin ga tsatsa a baki, ajiye musu kayansu." Ba ta iya karanta ranar lalacewar da aka buga a gindinsa ba, amma har yau ban ji ɗan bokon da ya faɗi abin da ya fi wannan ba.

Na ci gaba da kai mata duk zuwa. Sai bayan rasuwarta, da muka shiga kwashe ɗakin, muka same su jere a saman kabad, a ƙarƙashin zafin kwano, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Tsarabar auta ce daga birni, ba a taɓa ta sai babban baƙo ya zo, kuma har ta koma ga Allah baƙon da ya kai bai zo ba. Duk sun kumbura. Rami muka haƙa muka binne su don kada wani ya tsinta ya ci.

Ranar sadakar bakwai na yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Gida cike da mata, na hango tulu biyu a lungu, na ce wannan ai gumin Inna ne, babu sadakar da za ta fi shi saurin isa gare ta. Na fasa taɓon, na riƙa cika wa kowace mace tafin hannu. Aka yi ta sa mini albarka, ana cewa yarinyar nan ta yi tunani. Ban tambayi Baba ba, yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Da jama'a suka watse ya shigo, ya leƙa tulun farko, ya leƙa na biyu, ya daɗe a sunkuye. Ya ce, "Allah ya kai mata ladan." Bai sake ambatar kunun ba sai makonni uku da suka wuce.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Na ɗauko shi na dawo da shi wurina don kusa da asibiti. Hannun dama ya mutu, magana da ƙyar take fita, haɗiya ta zama aiki. Likita ya ce a riƙa ba shi abu mai laushi da 'ya'yan itace. Faɗar ba wuya. A unguwarmu wuta sai ta ga dama take zuwa, firijina ya koma wurin ajiye kwanuka. Kankanar da aka yanka da safe kafin la'asar ta yi yami, ayaba kwana biyu ta yi baƙi. Shi ya sa da bazarar da ta wuce na ce bari in yi tanadi irin na Inna. Me zai gagare ni, ni da nake koyar da kimiyya?

Na je kasuwa na zaɓi mafi kyau, domin ubana ne zai ci. Manya-manya masu aure, sun nuna lugub, ƙanshinsu na tarar mutum tun daga nesa. Na yanka, na shanya a farantai a bayan gida kwana huɗu. A na biyar, da azahar, na dawo daga makaranta na ga hadari yana haɗowa ta gabas. Na kwashe da sauri na ɗura a leda, na ƙulle, na saka a bokitin roba mai murfi, na danne tam. Har alfahari na yi wa abokan aikina.

Makonni uku da suka wuce Baba ya fara kawar da kai daga cokali. Tuwo, fate, koko, shayi, duk ya ƙi. Kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. Da safe ina goge masa fuska ya kama bakin zanena ya ce, "Auta, kunun uwarku." Daɗi ya kama ni. Na ce, "Akwai, Baba, na tanada." Na ruga na buɗe bokitin, wari ya buge ni. Fumfuna ta rufe shi fari da kore, ya dunƙule ya zama curi ɗaya baƙi. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka ɗauki Inna, shi kuma yana ɗaki yana jiran kofi.

Daga nan na zama kamar zautacciya. Babu babban kanti a Dutse da ban shiga ba. Na samu busasshen mangwaro na leda mai hoto, na duba ranar lalacewa, na duba ko ledar ta huje, na sayo. Na samu na gwangwani, na danna kansa yadda ta koya mini. Na jiƙa, na tace, na dama. Ya riƙe cokali ɗaya a baki, ya bar shi ya zubo ta gefen leɓen da ya shanye, ya ce, "Alewa ce." Gaskiyarsa. Da na karanta bayan ledar da kyau, suga ne na biyu a jerin abin da aka zuba, na gwangwanin kuwa a ruwan suga yake iyo. Na ƙara tsamiya, ya gane. Na matsa lemon tsami, ya juya fuskarsa bango. Muka koma asibiti aka ƙara masa ruwa, likita ya ja ni gefe ya ce ruwa ba abinci ba ne, idan bai fara ci ba to mu shirya.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da za ta leƙo kantunan nan. Ina jin za ta bi kayan ɗaya-ɗaya tana dannawa, ba za ta raina su ba, domin ba mai raina abinci ba ce. Abin da ba za ta gane ba shi ne yadda mangwaro yake ruɓewa tuli-tuli a bakin titi da bazara, sannan da damina 'yarta tana yawo a adaidaita sahu tana neman wanda aka busar a wata ƙasa. Na kuma san abin da za ta ce da ni: "Ke dai kin yi karatu." Haka take faɗa idan na yi shirme, ba ta ɗaga murya.

Ranar kasuwa na tafi Jahun. Na bi layin masu busasshen tumatir da kuɓewa da barkono ina tambaya. Wasu suka yi dariya. Wata ta ce, "Hajiya, wa yake shanya mangwaro yanzu? Sai dai ki shiga ƙauye ki nemi tsofaffi." Nan na tuna da Iya Hassu, aminiyar Inna a Aujara, wadda tare suke hawa rumfa. Shekara bakwai ban leƙa ta ba. Na wuce Aujara, da kunya na yi sallama a ƙofarta.

Idonta ya kusa tafiya, da murya ta gane ni. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurara har na gama.

"Nunanne kika saya ko?"

"Eh, Iya. Mafi kyau a kasuwar."

"Ayya, 'yar nan. Nunanne ai ruwa ne da zaƙi, sai ya yi miki fata a waje, cikin na nan jiƙe. Uwarki wanda ya ƙosa bai nuna ba take tsinka, ɗan gida ƙarami mai tauri, wanda in kin gutsura sai kin runtse ido. Tsamin nan shi Malam yake nema. Kuma da zafin rana kika rufe shi ko?"

"Hadari ne ya taso, Iya."

"To gumi ya yi a ledar. Ana barinsa ya huce a inuwa tukuna. Ki lanƙwasa shi, in ya lanƙwasu bai manne miki a yatsa ba, ya yi. Tulun ma sabo, wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Duk shekarun nan ba ki taɓa tsayawa kin kalla ba?"

Ta laluba ƙarƙashin gadonta ta jawo wani ƙaramin tulu, ta juye abin da ke ciki a ƙyalle, ta ƙulle. Da ƙyar ya cika tafi biyu. Ta ce jikokinta babu mai yi, wannan ma da lalube ta yanka shi bana saboda ranar da bakinta zai yi ɗaci. Na roƙe ta ta rage wa kanta. Ta ce, "Tashi ki kama mota, ni ina iya cin tuwo."

Washegari na jiƙa yanka uku na dama. Baba ya karɓi cokalin farko, ya rufe ido, ya haɗiye, sannan ya buɗe baki da kansa. Yau kwana takwas ke nan yana sha, har yakan karɓi 'yar fate idan kunun ya buɗe masa ciki. Ranar da na gwada damawa da yanka ɗaya don in ja kwanaki, ya ture kofin, kuma ranar bai ci komai ba.

Mutane sukan ce na ɗauko Inna a murya da tafiya. Gadonta yana ɗakina, kwanukanta suna kicina, carbinta yana jakata. Duk wannan babu wanda zai shiga cikin ubana. Abin da ya rage nata mai raya mutum shi ne sanin lokacin da ake tsinkar mangwaro da lokacin da ake rufe tulu, kuma shekara talatin yana gabana ban waiwaye shi ba. Yanzu na sani, amma sanin ba zai amfane ni ba sai bazara, wata bakwai nan gaba. Ban san ko Baba yana da wata bakwai ba. Tsoro nake ji, na faɗa a fili.

Saboda haka nake roƙon mai karatu. Idan kana da tsohuwa a Jahun, ko Aujara, ko ƙauyukan Dutse, wadda take da tulu a lungun ɗaki, don girman Allah ka tambaye ta. Ba na leda nake nema ba, ba mai suga ba. Mai tsami, wanda aka yanka kafin ya nuna. Ka bar saƙo a ofishin jaridar nan, ko'ina ne zan zo da ƙafata.

Da safiyar yau ya shanye kofin tas. Ina goge masa baki ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana haɗa maganar, sannan ya ce, "Auta, ki ce wa uwarki hannunta bai canza ba. Ta bar aikin haka nan, ta shigo in gan ta." Na ce, "To, Baba, bari ta gama." Na fito na kwance ƙullin Iya Hassu na ƙirga. Saura yanka tara.