Na Kankare Kuɗin Jana'izar Matar Da Ta Riƙe Ni

A lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ina tsaron kanti a wani gidan mai da ke titin Wendover, kuma a cikin matanmu mazauna ƙasar waje da ke garin Greensboro ni ake nunawa idan ana zancen riƙon amana. Shi ya sa suka damƙa mini kuɗin jana'iza da kowace mace ke zubawa duk wata, domin a ƙasar nan kabari ma saye ake yi, da tsadar gaske.

A kantin muna sayar da katin nan da ake kankarewa a ga ko an ci. Ni a sanina caca ita ce maza a gindin bishiya da karta. Wannan kuwa hukuma ta yarda da shi, ga layin tsofaffi masu mutunci suna saye, sai na lallashi kaina cewa wasa ne. Ranar farko na sa dala biyu na ci hamsin. Ina ma ban ci ba. Kafin shekara ta zagayo albashina ya daina isa, na koma taɓa kuɗin jana'iza, kullum ina ce wa kaina ranar Juma'a zan mayar.

Wata safiyar Talata Hajiyar da ta sauke ni a gidanta na unguwar Glenwood farkon zuwana ta rasu. Ita ta koya mini shiga bas, ita ta yi jinyata da na haihu, kuma ba ta da kowa a nan sai mu. Shugabar matanmu ta kira ni ta ce in kawo kuɗin, ana so a binne ta washegari. Na ce banki ne ya riƙe. Kuma don ku ga inda haukan ya kai ni, ragowar da ke hannuna na kwasa na sayi kati, na zauna cikin mota ina kankarewa ina kuka har farcena ya yi baƙi. Ban ci komai ba.

Ranar Alhamis na je na faɗa wa shugabar gaskiya. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Mu za mu iya haƙuri. Hajiya ce kwance cikin firjin gawa tana jiranki." Sai da aka yi karo-karo a masallaci ranar Juma'a kafin aka kai ta makwancinta. Hajiya ta taɓa cewa tana so ina cikin masu yi mata wanka, amma ba wanda ya kira ni, ni ma ban iya zuwa ba.

Na bar aikin, na nemi taimakon masu ba da shawara kan caca. 'Yan'uwa, duk abin da sai kun sake masa suna kafin zuciyarku ta yarda, caca ce. Idan kuɗin mutane na hannunku kuka taɓa shi sau ɗaya, ku faɗa a ranar, ku miƙa shi ga wani. Ni kam na mayar da kuɗin duka, amma kwana ukun da Hajiya ta yi cikin sanyi saboda ni, har yau ban san inda ake biyansu ba.