Yaya, Wadda Ta Sa Na Cire Ƙyauren Ɗakin Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Larabar da ta wuce, bakwai ga wata, bayan Azahar, Allah ya karɓi ran yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni kafinta ne, ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada wanda ya gyara mini magana.

Yaya, masu zuwa gaisuwa sai yabon haƙurinki suke. Ni ban san ki da haƙuri ba. Kafiya na san ki da ita, wadda ta fi tawa, kuma ita ta ceci ɗanki Auta.

Yaran yanzu sun buɗe ido sun gan shi da shago da iyali, ba su san an yi shekarun da in ya shigo gida ake ɓoye dutsen guga ba. Da maganin tari ya fara, ya koma ƙwaya. Sai ya shige ɗaki ya danna sakata, a wuni ba a ji motsinsa ba. Yayyensa suka ce a kore shi. Ni na ce a garƙame shi da kwaɗo har jikinsa ya gaya masa. Har gobe ban ce shawarata ba ta da kai ba, amma ba ita aka bi ba.

Kika aiko in zo da kayan aiki. Na zaɓo kwaɗo mai ƙarfi na taho, sai kika ce ƙyauren zan cire gaba ɗaya. Na ce da hannuna na haɗa shi, katako ne mai kyau. Kika ce, "A bayan ƙyauren nan ɗana yake mutuwa. Cire shi, ko in nemo wani kafintan." Wani kafinta a gidan yayata, ina raye? Na cire.

Da yamma kika tara mu a bakin ɗakin, kika kafa doka: ba zagi, ba tonon abin da ya ɓata. Kowa ya faɗi abin da yake gani, da ranar da zai zauna da shi. Babbar yayarsa ta ce ta daina kawo 'ya'yanta gidan don kada su ga kawunsu yana layi. Auta ya zazzage mu, ya ce mun mai da shi abin kallo. Kika bari ya gama, kika ce, "Ba za mu kore ka ba, ba kuma za mu ƙyale ka ba. Gobe sai wurin likita, ƙafata ƙafarka."

Haka aka yi. Ga maganin likita, ga mu muna karɓa-karɓa, yana amai da gumi da rawar jiki a gabanmu. Ya taɓa sulalewa, aka tsinto shi a bakin kwata. Yayyensa suka ce ai sun faɗa. Kika wanke shi, kika tambayi ranar wa ce gobe.

Ni ba na iya zaman banza, don haka ranar tawa nakan zo da zarto da katako. Wata rana yana kwance ya ce ƙafar kujerar da nake haɗawa ta karkace. Na ce tashi ka gyara, tunda ka iya. Ya tashi. Daga baya, da kika yarda a mayar da ƙyauren, shi ya kafa abinsa. Ƙyauren yana ɗan gogar ƙasa, kuma na gaya masa.

Kin yi nasara, Yaya. Auta ne ya shiga kabari ya karɓe ki, na zuba wa hannunsa ido, ko rawa bai yi ba. Jiya wata maƙwabciya ta zo gaisuwa tana kuka, ta ce ɗanta ma ya fara shan ƙwaya, ga shi wadda za ta kawo wa ƙara ta tafi. Auta ya ce, "Inna, ki tara 'yan'uwansa, zan zo. Ki sa ni a ranar farko."

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.