Hantar Murja

Shekara talatin Ɗantsoho ya yi yana dillancin shanu a kasuwar Maigatari, kuma ban taɓa jin ya faɗi aibin dabba ko sau ɗaya ba. Ramammen bijimi zai ɗura wa kanwa da ruwa ranar Laraba, Alhamis ya shiga kara, wato filin cinikin shanu, da shi ciki ya cika fam, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Na san shi ciki da waje, don ƙanwarsa Murja nake aure.

Da ciwon daji ya kama masa hanta, likitoci a Kano suka ɗora shi a kan wani ruwan magani mai zuga garkuwar jiki ta far wa ciwon. Ciwon ya lafa har aka ce za a iya yi masa dashe a ƙasar waje. Murja ta ce a yanki tata a ba shi. Na hana, ta yi ta kuka, na ƙyale.

Likita ya ja masa kunne sosai: a daina maganin wata uku kafin aiki, in ba haka ba jiki zai far wa sabuwar hantar yadda ya far wa ciwon. Ɗantsoho ya ce ya ji. Amma akwai kwalba ɗaya da ta rage, shi kuwa a ganinsa wa zai kai bijimi kara bai sha kanwa ba? Saura kwana goma mu tafi, ya lallaɓa wani ma'aikacin jinya ya ɗaura masa ita a ɗaki, wai don likitocin can su gan shi da ƙarfinsa.

A can aka tambaye shi yaushe rabonsa da maganin. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Wata uku cur, likita. Wallahi."

Wannan rantsuwar na ji ta sau dubu a kara, amma ranar ban gane ta ba.

Kwana goma sha biyu bayan aiki idonsa ya yi rawaya. Sai a lokacin ya faɗi gaskiya, ya kuma faɗe ta a banza. A can muka binne shi.

Murja ta dawo Gumel da dogon tabo a ciki, har yau bokitin ruwa yana gagararta. In na fara zaginsa takan ce, "Malam, bari. Yaya bai san wata hanya ba."

Ita ta yafe masa. Ni kuwa kullum sai na ga tabon.