Saura Jirginka, Arvid

Mu da muka ga shekarar da ƙanƙara ta yi wa garin nan sammako, ta kama tafki tun ganye bai gama zuba ba, ta farfasa injunan jiragen ruwa tun daga mashigin coci har bakin gada, saura mu uku ne a raye. Ranar Alhamis, sha shida ga watan Oktoba, muka koma biyu. Da safiyar ranar Allah ya karɓi ran Arvid Halonen, yana zaune a benci a ƙofar gidansa na cikin gari yana ɗaura igiyar takalmi. Matarsa Lorna ta fito masa da kofi, ta tarar ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Jiya Litinin muka raka shi makwancinsa.

Arvid, ni ne Orrin Tessier. Ka san ni da biro ba mu saba ba, tun ina ƙarami na bar makaranta na bi mahaifina kamun kifi. Amma na ukunmu, Gunnar, yanzu ko sunan 'ya'yansa ba ya tunawa. In ban rubuta ba, babu mai rubutawa.

A waccan shekarar muna samari. Ina nan tsaye lokacin da mahaifinka ya durƙusa gaban injinsa, ya shafa gefen da ruwa ya daskare a ciki ya tsaga ƙarfen kamar ƙwai. Ya cire hula ya mayar. Bazarar da ta biyo baya a jirgin aro kuka yi ta. Tun daga nan ka ɗora wa kanka cewa babu injin da zai sake fashewa a inda ƙafarka za ta iya kaiwa.

Da zarar ganye ya fara ja, sai a ga motarka da jarkoki a baya tana bin gida-gida. Kana da tsarinka, kuma ba ka karya shi don kowa. Masu zuwa hutu daga birnin Winnipeg su ne farko, don su ke fara gudu. Sai mutanen gari. Sai na tsibirai, waɗanda jirgi ne ƙafarsu har ranar da ruwa ya fara yin fatar ƙanƙara a bakin gaɓa. Naka kullum shi ne na ƙarshe.

Na sha tsayawa a kanka kana aiki. Ka kunna inji ya yi ɗumi, ka juye baƙin mai, ka fesa masa mai a maƙogwaro har hayaki ya kore mu daga rumfa. Ka kwance notocin zubar da ruwa, kuma ko ruwan ya daina zuba ba ka yarda, sai ka zura 'yar waya a ramin ka sosa, tsatsa da yashi su faɗo, wani ruwan ya sake ɓullowa. Ka tsiyayo man giya daga ƙafar jirgi, inda farfela take, ka murza a yatsa ka ga ko ya yi fari. Sannan ka sauke ƙafar ƙasa don kada ruwan sama ya kwanta a ciki. Har nan bakinmu ɗaya.

Daga nan ne muka rabu, kuma ba mu sake haɗuwa ba har gashinmu ya yi fari. Ni in na zubar da ruwa, sai in bar inji a bushe, in zuba notocin a leda in rataye a sitiyari don kada a manta da su in bazara ta zo. Kai kuwa sai ka mayar da notocin, ka ɗauko mazurari ka ɗura jan ruwan nan mai hana daskarewa har sai ya fito ta ƙafa. Babu kakar da ba mu yi ta a shagon kofi ba.

"Iska ba ta daskarewa, Arvid," in ce maka. "Ka zubar da ruwa, ka kuma ɗura wani. Wannan ai aikin marar aikin yi ne."

"Ba ta daskarewa, amma ita ce uwar tsatsa," ka ce. "Je ka leƙa cikin injinka, sarkin gardama. Ya yi kama da haƙoranka."

"Haƙorana dai nawa ne. Naka a kofi suke kwana."

Garin ma ya rabu, akwai 'yan bushe, akwai 'yan ja. Lorna ta hana zancen a teburinta, sai muka mayar da shi ɗakin surace, inda muke zama muna gumi muna musu har wani ya gaji ya fita.

Amma ba don musu nake wannan rubutu ba. Mutane da yawa ba su sani ba, bayan dusar ƙanƙara ta farko kakan zaga bayan gidaje kana leƙa ƙarƙashin tamfol. In ka ga an manta ƙafar jirgi a ɗage, sai ka sauke ta ka yi gaba, mai shi ya wayi gari yana yabon kansa. Baturan jiragen rabin gari a ɗakinka na ƙasa suke shan ɗumi duk tsawon sanyi, kowanne da sunan mai shi a jiki, har Lorna ta ce ita dai mutum ɗaya ta aura, ba ta san da renon batura ba. Edna Kowalchuk kuwa, da mijinta ya rasu ta ce za ta sayar da jirginsu don ba ta san kansa ba, ba ka yi mata aikin ba. Ka sa mata sifana a hannu ka tsaya a gefe kana nuni, har ta iya. Jiya a coci ta fi kowa kuka.

Sai tawa. Kakar da matata Marguerite ta kwanta ciwon ajalinta a asibitin Winnipeg, na bar jirgina a kan tirelar da ake jan shi da ita, da ruwansa a inji, na tafi. Ban tuna da shi ba sai da muka binne ta, lokacin kuwa tafki ya daɗe da zama dutse. Na nufi rumfa ina cewa a raina na rasa mata, na rasa jirgi. Da na ɗaga tamfol, sai ga leda a rataye a sitiyari, notoci a ciki. Inji a bushe ƙarau. Ko ɗigon jan ruwa ba ka sa ba, alhali jarkoki na cike a motarka, ni kuma ba na nan balle in hana. Da na zo maka da maganar ka ce, "Jirginka ne. In tsatsa ta cinye shi, ta cinye na mai taurin kai." Ba ka ƙara tayar da zancen ba.

Yanzu ga inda muke. Ranar Laraba ka kwaso Lorna daga gidanku na tsibiri, ka ja jirgi ka sa a rumfa, ka ce da safe za ka yi shi. Na kowa ka gama, saura naka. Yana nan da ruwan tafki a cikinsa, rediyo kuma ya ce daren gobe sanyin gaske zai sauko. Injin nan ya tsufa, an daina ƙera irinsa. In ya tsage, ya tafi ke nan.

Jiya bayan jana'iza, muna cin abinci a zauren coci, na faɗa wa ɗanka Dale zancen jirgin.

"Kawu Orrin, kada ka wahalar da kanka," ya ce. "Mako mai zuwa zan sa a ja shi wurin masu gyara. Ai ko ma yaya ne, Mama ba za ta koma tsibiri ita kaɗai ba. Wurina za ta zauna."

Lorna ta ajiye cokali. "Wa ya gaya maka? Kai, ɗan nan, ina tuƙa jirgi a tafkin nan kana cikin cikina."

"Mama, shekarunki fa."

"Na san su, ni na yi su."

Ban ga laifin Dale ba, tsoro yake ji mata, kuma ɗa na gari ne. Wataƙila ma in bazara ta zo ita da kanta ta ce ta gaji, ta bi shi birni. Amma ita ya kamata ta faɗa, ba ƙanƙara ta yanke mata ba. In babu jirgi, babu tsibiri, babu kuma sauran magana.

Da zan tafi ta riƙo hannun rigata. "Orrin, jarkokinsa na nan a rumfa," ta ce. "Ban ce ka taɓa su ba. Na san halinka."

Yau na je. Na buɗe rumfar na ga safar hannunka a kan inji, yatsun a lanƙwashe yadda ka zare su. Na tsaya, na rufe ƙofa, na dawo gida na ɗauki biro.

Allah ya jiƙan ka, Arvid. Ubangiji ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin rahamarsa, ya saka maka da alherin da ka yi a fili da wanda ka yi a bayan gidaje babu mai gani. Lorna, Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin zuciya, ya zama abokin zamanki a wannan sanyi. Dale, kai da matarka da yaranku, Allah ya sanyaya muku. Mutanen gari da na tsibirai, mu yi wa juna ta'aziyya, don rashin na kowa ne.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi. Har gobe iska ba ta daskarewa. Amma gobe da sassafe zan koma rumfarka, in zubar da ruwan, in sosa ramukan da waya, in mayar da notoci, in ɗauki mazurarinka in ɗura jan ruwan har sai na gan shi yana fita ta ƙafa. In na gama in rufe shi da tamfol. Makullin jirgin kuwa a hannun Lorna zan sa shi.